Kwandalar Ƙarƙashin Keken Ɗinki

Litinin, ƙarfe goma na safe

Na fita ƙarfe bakwai da rabi kamar kullum, da farar riga, da jan biro a aljihu, da kular abincin da Maman Biyu ta cika min. Na hau motar da na saba hawa. Da muka zo daidai maɗaba'a sai na sunkuya ina ɗaure igiyar takalmi har muka wuce. Takalmin nawa ba shi da igiya, amma ba wanda ya duba.

Yanzu ina ɗakin karatu na gari, a teburin da ke kusa da taga. Wannan littafin ma na saye shi ne don a ga ina wani abu.

Maganar ranar Juma'a ba zan rubuta ta ba. Abin da kawai zan ce shi ne, shekara ashirin da uku ina duba kura-kuran rubutu a gidan nan kafin a buga, kuma Darakta ya ce in je in huta har sai ya neme ni. Bai ce kora ba. Na saurara da kyau, bai ce kora ba.

Ban gaya wa Maman Biyu ba tukuna. Zan gaya mata idan ta ɗan samu sarari.

Litinin, ƙarfe ɗaya na rana

An rubuta a ƙofa: "Ba a shiga da abimci." Har na zaro biro, na mayar.

Talata, ƙarfe shida na yamma

Na dawo na tarar mai gyara ya zo ya duba keken ɗinkin Maman Biyu, tsohon keken nan mai teburin ƙarfe da Inna, mahaifiyarta, ta ba ta shekarar da muka tare a gidan nan. Garin jan teburin sai wani abu ya fito daga ƙarƙashin ƙafarsa ta baya, a naɗe cikin tsumma. Wata baƙar kwandala ce, faɗinta ya kai bakin ƙaramin kofin shayi. Mai gyaran ya juya ta, ya ce tarkace ne, amma in an yarda a bar masa ita a madadin ladan aikinsa. Maman Biyu ta san mutumin nan ko allura ba ya yafewa, don haka ta karɓe kayanta ta biya shi.

Ta miƙo min ita ta ce, "Baban Biyu, kai da ko ɗigo ba ya wuce idonka, duba min me aka rubuta a jikin nan."

Na kalle ta da kyau. Fuskarta lafiya lau, tana cire zare daga zaninta.

Na ɗauko gilashin aikina mai ƙara girman rubutu. Ga abin da na gani. Kwandalar ta lanƙwashe a tsakiya kamar an zauna a kanta. Akwai huda a sama. A gefe akwai wani ɗan lotsi. Fuska ɗaya akwai kan mutum yana kallon hagu, ba shi da hanci, da wasu haruffa kewaye da shi waɗanda bakwai kawai suka rage. Ɗaya fuskar an kankare rabinta sumul, abin da ya saura ko tsuntsu ne ko bishiya. Shekarar da aka buga ta: ɗaya, takwas, wani abu mai kama da uku, sai hudar ta cinye na ƙarshe.

Na ce a tambayi Inna. Maman Biyu ta ce Inna tana can wurin ƙanwarta da ta haihu, sai ƙarshen wata, kuma a waya duk abin da ka ce mata sai ta ce suna lafiya.

"Ka tafi da ita gobe," in ji ta, "in an tashi daga aiki ka nuna wa waɗanda suka sani."

Na ce in na samu lokaci.

Laraba, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Na samu lokaci.

Maƙerin azurfan yana layin masu gyaran agogo, shagonsa bai fi tsawon mutum a kwance ba. Ya karɓe ta. Ya kawo maganaɗisu kusa da ita, ko gezau. Ya goga gefenta a wani baƙin dutse, ya ɗiga wani ruwa a kan zanen, ya jira. Sannan ya ɗora ta a kan yatsa ya buga mata ƙaramin ƙarfe yana kasa kunne. Maimakon ta yi ƙara mai tsawo, sai ta ce "kaf".

Ya ce, "Azurfa ce, Malam, amma ta sha wuya. Lanƙwasar nan ta kashe mata murya."

Na ce, "Ta wace ƙasa ce?"

"Ni ba na tambayar azurfa ƙasarsu. Sikeli nake ɗora su."

Ya ɗora ta, ya faɗi abin da zai biya. Na ce ai wannan ko takalmi ba zai saya ba. Ya ce zai sayi ƙafa ɗaya. Ya ce in na yarda zai narka ta, 'yan kunne biyu za su fita har da ragowar zobe na ƙaramin yatsa.

Na karɓi kayana. A allon shagonsa an rubuta azurfa ba tare da harafin r ba. Na wuce abina. Wanda harafi ɗaya ya yi wa abin da ya yi min ba shi da bakin yi wa wani maganar harafi.

Alhamis, ƙarfe biyu na rana

Lafiya lau nake. Na karanta jarida uku daga farko har ƙarshe, har da tallan maganin basir.

Juma'a, ƙarfe bakwai na yamma

Maman Biyu ta tura wa yayanta hoton kwandalar, sai ga shi da yamma. Injiniya ake ce masa tun yana yaro, saboda ya taɓa kwance rediyon gidansu. Har yau ba a ce ya mayar da ita ba.

Ko zama bai gama yi ba ya turo min waya a hanci. Wai ya samo irinta, an sayar a ƙasar waje a kan kuɗin da zai gina gida biyu ya sayi mota. Na duba hoton. Wancan mutumin dama yake kallo, kuma yana da gemu. Na nuna masa.

Ya ce, "Ai shi ke nan, tamu ta fi tsufa. Tun kafin ya tsayar da gemu aka buga ta."

"Yaya, wajen da yake kallo fa?"

"Mutum ba ya juyawa ne?"

Ya ce kada kowa ya ji labari. Ya ce tun da kayan kakanni ne, shi babba shi zai riƙe ragamar ciniki, mu namu addu'a. Ya leƙa ta taga ya ce katangarmu ma tana neman fenti.

Yana shan shayi sai ya fashe da dariya shi kaɗai, ya ce, "Af, kai da ke harkar ɗab'i, ka ga littafin nan na bikin ritayar babban mutumin nan? Wanda a bango, a ƙarƙashin hotonsa, aka rubuta..." Ya faɗi kalmar. Ya sake faɗa. Ya ce wai kwafi dubu takwas aka buga, har an raba rabi a ɗakin taro kafin matar mutumin ta lura. "Wane jaki ne ya duba aikin nan?"

Na ce ban san shi sosai ba.

Maman Biyu ta ce, "Yaya, shayinka zai huce," ta tura masa burodi gaba. Allah ya yi mata albarka, ba ta san ceton da ta yi ba.

Asabar, ƙarfe goma na safe

Ta tafi kasuwar yadi. Zan ɗan goge baƙin da ke jikin kwandalar, kaɗan kawai, don in tabbatar ko ukun nan uku ne ko takwas.

Asabar, ƙarfe goma sha biyu

Man goge baki bai yi komai ba. Lemon tsami da toka sun ɗan yi. Soson waya na wanke tukunya shi ne ya yi aikin.

Tana ƙyalli yanzu kamar sabon cokali. Har fuskata na gani a ciki.

Asabar, ƙarfe goma sha biyu da rabi

Haruffan nan bakwai sun koma huɗu. Ashe baƙin da ya kwanta a cikin ramukansu shi ke nuna su. Ukun da nake nema kuwa ba uku ba takwas, wurin ya zama fili. Mutumin da ba shi da hanci yanzu kunnen ma ya tafi.

Na naɗe ta a hankici na sa a aljihun rigar aiki. Na wanke sosan na mayar inda yake.

Lahadi, ƙarfe huɗu na yamma

'Yan biyu sun kira daga makaranta. Babbar ta ce, "Baba, yaya aiki?" Na ce aiki sai godiya. Ƙaramar ta karɓe wayar ta ce ta ji za mu yi kuɗi, Kawu Injiniya ya ce kowacce ta zaɓi irin wayar da take so. Wannan shi ne mutumin da ya ce kada kowa ya ji.

Talata, ƙarfe uku na rana

Mai kula da ɗakin karatu ce ta yi min kwatancen shagon. Yana bayan tsohuwar tashar mota, cike da agogon bango da ba sa tafiya, da fitilu, da akwatunan ƙarfe, da littattafan da bera ya fara karantawa. Mai shagon wata dattijuwa ce siririya, da gilashi a rataye a wuya. Na buɗe hankicin a gabanta.

Ta daɗe tana kallo ba ta taɓa ba. Sannan ta ce, "Wa ya wanke ta?"

Na ce, "Wani ne a gida."

"Da me?"

"Ina jin da soso."

"Kana ji." Ta sa gilashi a ido. "Soson waya ne. Da hannun dama, daga sama zuwa ƙasa, kuma da ƙarfinsa. Wanin nan in kun koma gida ku ɓoye masa duk abin da kuke so."

Duk da haka ta gane ta nan take, daga zanen da ke gefen bakinta da ɗan abin da ya rage na tsuntsun. Tsuntsu ne ashe. Ta faɗi sunan sarkin da na ƙasar. Ba zan rubuta su a nan ba, domin ban tabbatar da yadda ake rubuta su ba, kuma a halin da nake ciki ba na rubuta abin da ban tabbatar ba. Ta ce ta haura shekara ɗari da yawa, amma an buga irinta ba adadi, fatake sun yi ta yawo da su ƙasa ƙasa. Ta jawo wani aljihun tebur, sai ga 'yan uwanta guda tara a kwance, baƙaƙe, kowanne da hancinsa.

Na ce, "To nawa za ta yi?"

Ta ce, "A ce ba huda, ba lanƙwasa, da baƙinta, za ka sayi firij. Da huda da lanƙwasa amma da baƙinta, za ka sayi fankar tebur. Masu tara irin wannan baƙin nan suke biya, shi ne shaidar shekarunta. Yanzu kuwa, me maƙeri ya ce maka?"

"Takalmi ƙafa ɗaya."

"Mutumin kirki ne."

Na tambaye ta wanda Injiniya ya gani a waya, mai kuɗin gida biyu. Ta ce irin waɗannan galibi kuskure aka yi wajen buga su, harafi ya juye ko lamba ta hau kan lamba, aka yi maza aka tattara su, 'yan kaɗan suka tsira. Ta ce tawa kuwa duk wanda ya duba ta a gidan buga kuɗi ya yi aikinsa daidai, shi ya sa ba wanda ya damu da ita.

Ina naɗe hankicin sai ta sauke gilashi ta ƙura min ido. Ta dubi jan biron da ke aljihuna. Ta ce, "Dakata. Ba kai ne na maɗaba'ar nan ba?"

Na ce mutane suna kama.

Ta sunkuya ƙarƙashin tebur ta fito da kwafi uku na littafin ritayar nan, kowanne a cikin leda. Ban kalli bangon ba. Na kalla kaɗan. Kalmar tana nan da manyan haruffa, ruwan zinariya, kamar yadda na gan ta sau uku a kan teburina na sa hannu. Ta ce tun da aka bi gida gida ana karɓe su, farashinsu ya tashi, jiya ma ta sayar da ɗaya. Ta ce kowane ɗaya yanzu ya fi kwandalata tsada. Ta ce in zan sa mata hannu a cikinsu da jan biron, za ta ƙara min wani abu a kan kuɗin takalmin.

Na yi mata sallama cikin mutunci.

Laraba, ƙarfe tara na safe

Maman Biyu ta tambayi kwandala. Na ce tana hannun masana, suna bincike.

Alhamis, ƙarfe ɗaya na rana

Ban ci abincin ba. Na ba mai gadin ɗakin karatu. Ya ce matata ta iya girki, ya ce in gaishe ta. Ta yaya zan gaishe ta?

Juma'a, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Yau ban sunkuya ba da muka zo wucewa. An jibge kwalaye a bakin ƙofar maɗaba'a har sun kusa rufe taga, tagar da teburina yake. Darakta yana tsaye a gabansu hannu a ƙugu. Ya rame, ko kuma rigar ce.

Mako biyu ke nan. Bai ce kora ba.

Litinin, ƙarfe takwas na safe

Injiniya ya kira tun ban wanke baki ba. Wai ya samu mai saye, a aiko da hoto mai haske. Na ce hasken dai akwai shi.

Talata, ƙarfe biyu na rana

Lafiya lau nake.

Laraba, ƙarfe shida da rabi na yamma

Na shigo tana ɗinki. Tun da aka cire kwandalar keken yake rawa, in ta taka sai dukan teburin ya yi ta gyaɗa kai. Yau ban ji rawar ba. Na sunkuya zan cire takalmi sai na ga abin da ta tokare ƙafar da shi. An ninka shi biyu, amma ruwan zinariyar ya leƙo ta gefe.

Na zauna a ƙasa a wurin. Ta ci gaba da ɗinki har ta kai ƙarshen layi, ta yanke zare.

Na ce, "Tun yaushe?"

Ta ce, "Tun ranar Juma'ar. Kafin ka iso gida mata uku sun kawo min shi, kowacce wai ta zo gwajin riga."

"Ba ki ce komai ba."

"Ni aka ce in je in huta? Kullum ina tashi in dafa maka abinci, in goge maka farar riga, ina jira ka gaji. Har mai kula da ɗakin karatun na ɗinka wa siket, ta ce kujerar taga ta zama taka."

Na ce ina jiran ta samu sarari ne. Ta ce sararin da take da shi a makonni ukun nan ya isa a yi noma a ciki. Sai muryarta ta canza. Ta ce, "Shekara ashirin da huɗu, Baban Biyu. Ka ɗauka dariya zan yi maka?"

"Ba ki yi ba?"

Ta ce, "Na yi. Amma banɗaki na shiga, na kunna famfo."

Ban san lokacin da ni ma na fara ba. Mun yi dariya har ta kifa kai a kan keken. Na ce mata littafin da ta tokare keke da shi yanzu yana da tsada a kasuwa. Ta ce to in ciro shi in sa kaina a wurin.

Da na ga iska ta yi daɗi, sai na ce bari in sauke ɗaya kayan ma. Na ciro hankicin na buɗe.

Dariyar ta tsaya. Ta ɗauki kwandalar ta juya ta, ta sake juyawa. Na yi bayanin firij da fanka da takalmi, ba ta ji ba. Ta ce, "Wannan abu hannun kakata ya taɓa shi. Ban taɓa ganin ta ba, ko hotonta babu. Da na ɗauke shi ranar nan, na ce ga wani abu da ta riƙe." Ta shafa shi da babban yatsa. "Yanzu kamar murfin gwangwani."

Ta ajiye shi a kan keken ta shiga ciki.

Alhamis, ƙarfe goma na safe

Ina gida. Ba farar riga, ba kula. Ba ta yi min magana ba tun jiya, sai "ga shayi". Maganar aiki ta yafe cikin minti biyar. Wannan ban san kwana nawa zai ɗauka ba.

Juma'a, ƙarfe huɗu na yamma

Na share tsakar gida sau biyu. Na jera mata maɓallai kala kala a gwangwani. Ta duba ta ce, "Kada ka wanke su."

Lahadi, ƙarfe biyar na yamma

Inna ta dawo jiya, yau Injiniya ya ɗauko ta ya kawo ta, ya sha sabon takalmi mai tsini. Ya zaunar da ita a kujera mai hannu, ya gyara murya, ya ce an taru ne a kan dukiyar kakanni. Inna ta ce ina dukiyar. Maman Biyu ta sa mata kwandalar a tafin hannu.

Inna ta kai ta kusa da ido, ta nisanta, ta sa ɗan yatsa a hudar. Ta ce, "Au, wannan? Ai ni na sa ta a ƙarƙashin keken. Ƙasan ɗakinku a karkace yake. Na gaya miki, kina ta murnar keke ba ki ji ba."

Injiniya ya ce, "Inna, wannan sarkin da ke jiki, kakanmu ya yi masa aiki ne?"

"Wa ya san shi? Ba danginmu ba ne."

Sai ta shiga bin ta wuri wuri da farce. Lotsin gefe, ta ce haƙorin mahaifiyarta ne. Wani baƙo ya sayi tunkiya a hannunta ya biya da ita, ba ta yarda da idonsa ba, ta gantsara mata cizo a gabansa. Kwandalar ta gaskiya ce, haƙorin ne ya tsage, har ta rasu da shi take fito in tana magana. Hudar kuwa mahaifinta ne ya yi da ƙusa, don ya ratayo makullin shago, saboda kullum sai ya ɓatar. Ya ɓatar da su tare sau biyu. Gefen da aka kankare kuwa ita Inna ce da kanta, shekara goma sha ɗaya tana kankare ƙanzon tukunya da shi, ta ce har yau ba ta samu abin da ya kai shi ba.

Maman Biyu ta matso kusa. Ta ce, "Inna, nan ne haƙorin?" Ta sa yatsa a lotsin ta bar shi a wurin. Soso bai kai nan ba.

Injiniya ya ce, "To wane mara hankali ne ya lanƙwasa ta? Lanƙwasar nan ita ta fi rage mata kuɗi."

Inna ta ce, "Kai ne. Kana shekara shida ka sa ta a maƙalar ƙofa ka rufe, wai kana so ka ga ko akwai wasu kuɗin a ciki."

Ya dubi takalminsa.

Inna ta ɗaga ta sama, haske ya buga ta har ta runtse ido. Ta ce, "Wannan ƙyallin fa? Ban bar ta haka ba."

Na ce, "Ni ne, Inna."

"Me ka ce?"

Sai da na faɗa da ƙarfi, yadda maƙwabta ma suka ji. Na ƙara da cewa soson waya ne, kuma da ban taɓa ta ba da an samu kuɗin fanka.

Ta dube ni ta saman ido tsawon lokaci. Ta ce, "To madalla. Kowa a zuriyar nan ya yi mata ta'adinsa, kai kaɗai ka rage. Shekara ashirin da huɗu kana shigo mana kamar baƙo, ko cokali ba ka taɓa karyawa ba. Har na fara tsoronka."

Ta buɗe jakarta ta jefa kwandalar a ciki, ta ja zif.

Injiniya ya ce, "Inna, mai sayen fa? Na riga na yi magana."

Ta ce, "Muna lafiya." Kunnen nan nata yana zaɓen abin da zai ji.

Da suka tafi, Maman Biyu ta zuba min abinci, ta ƙara min nama biyu ba tare da ta kalle ni ba.

Litinin, ƙarfe uku na rana

Darakta ya aiko. Gobe ƙarfe takwas.

Talata, ƙarfe goma sha biyu da rabi

Na shiga ofishinsa da farar riga. Bai ce in zauna ba, daga baya ya ce. Ya yi magana mai tsawo a kan amana da sunan kamfani. Ya ce babban mutumin ya haƙura, bisa sharaɗin a gyara kowane kwafi. Sake bugawa ba zai yiwu ba, don haka an buga 'yan ƙananan takardu masu gam, ruwan zinariya, da za a liƙa a kan layin. Ya ce tun da idona ne ya jawo, hannuna ne zai liƙa, duk wanda aka samu dawowa da shi, ɗaya bayan ɗaya. In na gama in koma teburina.

Ya ce wannan karon bai yarda da kowa ba. Shi da kansa ya rubuta layin, shi ya duba, shi ya tsaya a kan injin har aka gama.

Na yi godiya. An kai ni ɗakin ajiya, aka ba ni kujera, da kwalin farko, da damin takardun. Na ɓare ɗaya na ɗora a kan yatsa. Kafin in liƙa, sabo ya sa na karanta.

Na sake karantawa. Na ɗauko gilashi na karanta harafi harafi, daga ƙarshe zuwa farko.

Kalmar tawa an gyara ta, daidai take. Kuskuren yanzu a sunan babban mutumin yake.

Na koma na ƙwanƙwasa ƙofar Darakta. Na ce, "Ranka ya daɗe, kafin in fara." Na ɗora masa ita a kan tebur, na sa bakin jan biro a ƙarƙashin harafin, ban ja layi ba. Ya duba. Ya cire tabarau ya goge ya mayar ya sake dubawa. Ya tashi a hankali ya rufe ƙofar ofis, ya dawo ya zauna.

Ya ce, "Wa da wa suka gani?"

Na ce, "Ni da kai, yallaɓai."

Ya danna ƙararrawa ya ce a kawo shayi kofi biyu. Shekara ashirin da uku ban taɓa shan shayi a ofishin nan ba. Sukari ya yi yawa, amma na shanye.